Shekarar da Aka Rage Kayan Dole

Hankalin kowa a tashe yake a Kwarin Ɗorawa a wannan shekara, don hadari ya fara leƙowa daga gabas tun ba a gama shirin ƙaura ba. Kwarin wuri ne mai daɗin zama da rani, ga ciyawa ga inuwa, amma da damina ta kankama sai kogi ya cika ya malale shi kaf, ba ka ganin komai sai kawunan itatuwa. Saboda haka duk shekara masarautar dabbobi takan tattara ta hau Tudun Faru, ta zauna can sai ruwa ya janye. Tafiyar ba wata mai nisa ba ce ga wanda bai ɗauki komai ba. Abin da ke mai da ita azaba shi ne kayan dole.

Tun zamanin kakannin Sarki Gagarau, zakin da ke mulki a wannan shekara, aka ware wasu kaya da masarauta ba ta rayuwa sai da su: iri, da salkunan ruwa, da tukunyar wuta, da kanwar lasa. Aka shafa musu jar ƙasa, aka ce waɗannan su ne dole, ba a barinsu a baya, ba a sauke su a hanya, kuma jakuna ke ɗauka. Sauran tarkace kuwa na ganin dama ne, mai so ya ɗauki abinsa, wanda ba ya so ya bari. A wancan zamani 'yan jakuna kaɗan ke kwashe dolen, har suna tsayawa cizgar ciyawa a hanya.

Sai wani masani a fada ya kawo ƙarin doka, wadda kowa ya ce ta yi ma'ana: abin da dole ke buƙata, shi ma dole ne. Ai kuwa da gaskiyarsa, tukunyar wuta ba ta da amfani in ba itace. To daga nan fa ƙofa ta buɗe. Karagar sarki ta zama dole, don wa ya taɓa ganin masarauta ba karaga? Karaga na buƙatar laima. Laima na buƙatar birin da zai riƙe ta. Biri ba ya riƙe laima da yunwa, sai aka shafa wa kwandon ayaba. Ayaba kuma na buƙatar mai tsare ta daga birin, aka shafa wa wani ƙaton gadu mai haure. Kuma tunda al'ada ta ce ran ƙaura dole ba ya taka ƙasa, ɗaukarsa ake yi, to biri da gadu duk a bayan jaki suke zuwa Tudu. Da manyan fada suka ga haka, sai kowannensu ya gano cewa ashe karaga ba ta iya zama sai da shi. Kafin a ankara babu wani mai muƙami da ba shi da jan tabo a goshi, yana cin abinci daga rumbun sarki, yana hawa jaki da damina.

Akwai wata jaka, Tabawa, mai haƙuri irin na danginta, amma da 'yar tsiwa a ƙarƙashin haƙurin. Ita duk harkar fada ba ta dame ta ba. Abin da ya hana ta jin daɗin ciyawa a wannan shekara shi ne uwarta, Iya Duna. Tsohuwar tana da miki a gadon baya tun ƙaurar bara, ya ƙi warkewa, ga ƙafar baya ɗaya tana ja. A dokar ƙaura kuwa duk jakin da ke iya tsayuwa yana da kasonsa na kaya, wanda ya faɗi a hanya ba a jiransa. Akwai Ma'aikatar Tsabtar Hanya da ke biye a baya, kura Tasalla ce ke riƙe da ita, kuma a duk masarautar ba a taɓa samun ma'aikata mai ƙwazo kamarta ba, ko ƙashi ba ta bari.

Wata safiya uwa da 'ya suka tsaya suna kallon tsibin kayan da ake tarawa a ƙofar fada.

Tabawa ta ce, "Iya, kin ga tsibin nan kuwa? Ya fi na bara."

"Na gani, 'yar nan. Kowace shekara sai ya haihu, kuma ba a taɓa gayyatarmu suna ba."

"Ni ba wasa nake ba, Iya. Da wannan bayan ba za ki wuce Hawan Kuka ba."

Iya Duna ta kaɗa kunne ta kori ƙuda. "To, a Hawan Kuka tawa uwar ta kwanta. Wurin da inuwa, ba laifi."

Tabawa ta ji zuciyarta ta yi baƙi. Ba ta son wannan raha ta Iya, don ta san tsohuwar ta riga ta gama shirinta ne a ciki, ta bar mata dariya a waje.

Ana cikin haka sai ga sanƙira yana shela cewa sarki ya kira babbar majalisa domin a rage kayan dole, talakawa ma su zo su shaida. Ba tausayi ne ya kawo haka ba, bara ne jakin da ke ɗauke da karaga ya yi tuntuɓe, sarki ya kusa shan ƙasa a gaban jama'a. Amma Tabawa ba ta damu da dalili ba. Ta lashe jikinta tsaf, ta gyara wa Iya gashin wuya, suka tafi da wuri don su sami wuri a gaba.

Aka taru a gindin babbar ɗorawa. Sarki Gagarau na bisa karaga, biri na riƙe da laima yana satar kallon ayaba, gadu na satar kallon biri. A gefen dama ga Malam Dila, mai riƙe da ƙwaryar jar ƙasa, wanda da bakin wutsiyarsa ake yin shafa, har wutsiyar ta rine ta zama ja.

Sarki ya gyara murya. "Jama'ata, kukanku ya iso gare mu. Mun ji, mun gani, mun kuma tausaya. Daga yau wannan gwamnati ta ɗaura ɗamarar rage kayan dole, ba sani ba sabo. Duk abin da ba shi da amfani, ko na wane ne, za mu ajiye shi."

Aka yi guɗa, jakuna suka buga kofato. Kura Tasalla ta miƙe tana share ido.

"Allah ya ja zamanin sarki. Ni ce ta farko da za ta sadaukar. Wallahi in ina biye da 'yan uwana jakuna a hanya, na ga yadda suke tangaɗi, kuka nake yi, har hawayen ya riƙa zubo mini ta baki. A ɗauki duk abin da na mallaka a zubar. Sai dai turmin dakan ƙashi, shi ba nawa ba ne, na al'umma ne, in babu shi aikin tsabta ya tsaya."

Malam Dila ya gyaɗa kai. Turmi kuwa na buƙatar taɓarya, taɓarya na buƙatar gwaggon birin da ke daka, ita kuma ba ta daka sai da kiɗa, saboda haka makaɗi da kalangunsa suna nan daram.

Wata gada daga cikin talakawa ta yi ƙarfin hali ta ce a sauke gadu mana, tunda shi kaɗai jakuna biyu ke fama da shi. Biri ya yi wuf ya ce shi ma ra'ayinsa ke nan, ya daɗe yana son faɗa, kunya ce ta hana shi.

Dila ya yi murmushi. "Shawara mai kyau. Amma mu bi ta a hankali. In aka sauke gadu, ayaba ta ƙare kafin hantsi. In ayaba ta ƙare, biri ya saki laima. In laima ta faɗi, rana ta doki sarki. To duk mai son rana ta doki sarki, ya ɗaga ƙafa mu gan shi."

Ba wanda ya ɗaga. Gadar ma ta duƙar da kai tana binciken ƙasa kamar ta yar da wani abu.

Haka aka yi ta fama. Duk zaren da aka ja, sai a ga ƙarshensa a ɗaure da ƙafar karaga. Da abin ya gagara sai aka kafa kwamitin rage kaya, na manya bakwai. Kwamiti ba ya zama a ƙasa, aka shafa wa tabarminsa. Ba ya tunani da ƙishirwa, aka shafa wa tulunsa. Kafin azahar tsibin ya ƙara tsawo, jakuna na tsaye suna kallo, kunnuwansu na sauka a hankali.

Sarki ya yi hamma har aka hango dasashinsa, ya ce, "Malam, mun yi wa jama'a alkawari. A cire wani abu."

Dila ya zaga tsibin yana shinshina, ya dawo fuskarsa a sake. Ya samo abu biyu da babu wanda ke jingine da su a duk fadar. Na farko kanwar lasa. Na biyu akumari, wato 'yar katifar da ake ɗora wa jaki a baya kafin a aza masa kaya, don kada igiya ta ci fatarsa.

"Ranka ya daɗe, karaga ba ta buƙatarsu, laima ba ta buƙatarsu, turmi ba ya buƙatarsu. Kuma a lura, akumari a bayan jaki yake zama. Duk wanda ya cire shi ya rage wa jaki nauyi kai tsaye."

Aka kawo ruwa aka wanke musu jan tabo, aka jefar da su gefe. Makaɗi ya saki kalangu, sanƙira ya yi shelar cewa ba a taɓa samun gwamnati mai tausayin jaki irin wannan ba.

Tabawa ta dubi mikin Iya, ta tuna yadda igiya za ta zauna a kansa ba akumari. Ba ta san lokacin da ƙafafunta suka kai ta tsakiyar fili ba. Ta durƙusa.

"Allah ya ja zamanin sarki. Ni ban iya magana ba, roƙo na zo yi. Ga uwata nan, Iya Duna. Tun tana budurwa take ɗaukar dole, ita ta ɗauki karagar nan zamanin mahaifinka. Yanzu bayanta ya mutu. A taimaka a shafa mata jar ƙasa, ko ɗigo ɗaya, bana kaɗai. Ni zan ɗauke ta, a kan kasona."

Sarki ya dubi tsohuwar, ga alama ya ɗan tuna ta, har ya buɗe baki. Sai Tasalla ta riga shi.

"Wayyo ƙanwata, kin sa ni hawaye. Ai Iya tamu ce duka. Ni da kaina zan sa ido a kanta a hanya, ba zan bari ta yi nisa da ni ba."

Dila kuwa ya matso kusa da karaga, ya yi magana yadda kowa zai ji. "Ranka ya daɗe, zuciya na so, doka ce ba ta bari. In aka shafa wa tsohuwa, tana buƙatar 'yarta, sai a shafa wa 'yar. 'Yar na buƙatar mijinta, miji na buƙatar 'yan uwansa. Kafin la'asar duk jakunan ƙasar nan sun zama dole, suna ci daga rumbun sarki, ran ƙaura kuma ba sa taka ƙasa. Abin da ya dace shi ne a bayyana matsayinsu kowa ya huta: jaki na ganin dama ne."

Tabawa ta ɗago kai. Ba dabara take yi ba, abin ne ya yi mata ciwo, tana son ta ji da kunnenta. "Ranka ya daɗe, wato masarauta za ta iya tafiya ba mu?"

Sarki ya dubi Dila. Dila ya dubi ƙwarya. In aka ce a'a, to jaki ya zama abin da dole ke buƙata, sai wutsiya ta shiga jar ƙasa. Gagarau ya kumbura ƙirji ya girgiza geza.

"Ƙwarai kuwa. Masarauta ba ta jingina da kowa ba."

Aka yi kiɗa, aka watse.

Da la'asar Tabawa ta koma inda aka jefar da kanwa, ta tsinci 'yar jaka guda ta rataya a wuya, tunda yanzu ba ta kowa ba ce. Ta sami Iya a gindin wata tsamiya.

"Iya, gobe da safe za mu kama hanya, ni da ke. Ba kaya."

Wannan karon tsohuwar ba ta yi raha ba. "Ba kaya? Ke 'yar nan, jaki ya taɓa hawa Tudu bayansa tsirara? Me za a ce da mu? Ni ban taɓa gudun kasona ba, ba kuma da tsufana zan fara ba."

"Ba gudu ba ne, Iya. A gabanki sarki ya ce za su iya ba mu. Ƙaryata shi za ki yi?"

Iya Duna ta tauna baki. Can ta ce, "A'a, ni wa, in ƙaryata sarki?"

Gari ya waye da iska mai ƙamshin ruwa. Kamar yadda aka saba, tun da sassafe duk masu jan tabo suka haye tsibin kaya suka zauna, don daga sama ake fara lodi. Sarki na can ƙoli bisa karaga, ƙasa da shi Dila da Tasalla, sai 'yan kwamiti a kan tabarminsu, sai gwaggon biri rungume da taɓarya. Makaɗi ya buga kiɗan layi, jakuna suka fara jeruwa kawunansu a ƙasa.

Sai ga Tabawa da Iya sun zo sun wuce ta gaban layin, sun nufi hanyar Tudu, tsohuwar na ɗingishi a hankali.

Dila ya ƙwala kira daga sama. "Ke Tabawa, ina zuwa? Ga layi nan."

"Tudu za mu, Malam. Sai kun iso."

Ba taro aka yi ba, ba wanda ya haɗa baki da wani. Mijin Tabawa ne ya dubi matarsa, ya dubi gadun da zai ɗauka ba akumari, ya fita daga layi. Na bayansa ya ga gaba ta buɗe, ya bi. Jaki kuwa in ya ga wutsiyar ɗan uwansa na tafiya, ba ya tambayar dalili. Nan da nan layin ya zama ayari. Gada da zomaye da sauran talakawa suka rufa musu baya, har da ɓeraye, waɗanda tun fil azal ba su yarda da gwamnati ba, kowannensu kumatunsa cike da iri.

Tasalla ta yi kururuwa ta zuro ƙafa za ta diro. Dila ya riƙe ta.

"Ranki ya daɗe, a yi hattara. Yau ran ƙaura ne. Duk wanda ƙafarsa ta taɓa ƙasa ya shaida da kansa cewa yana iya tafiya, mai iya tafiya kuwa ba dole ba ne."

Tasalla ta waiga, ta ga mataimakinta ya zuba wa ƙafar tata ido yana lasar baki. Ta janye ta a hankali, ta naɗe ta a ƙarƙashinta.

Sarki ya daka tsawa, "Wa zai sauka ya dawo mini da su?"

Kowa ya dubi na kusa da shi cikin ladabi, yana ba shi hanya. Dukansu ƙarfafa ne, babu wanda Tudun Faru zai gagara, zaki ma da gudu zai kai kafin rana ta take. Amma shekara da shekaru suka yi suna neman wannan tabo, kuma kowa ya san wanda ya fara sauka shi za a fara wankewa. Suka gyara zama. Aka fara yayyafi.

Ayarin jakuna ya yi ta tafiya cikin ruwan, ba mai kora ba mai tsawa. Da suka iso Hawan Kuka, inda hanya ke miƙewa sama, Tabawa ta matso ta jingina kafaɗarta da ta uwarta. Iya Duna ta tsaya a gindin kukar. Ta daɗe tana kallon wani wuri a cikin ciyawa. Sannan ta ɗaga kai sama, har wuyanta ya yi ƙara.

"Ikon Allah. Ashe kukar nan haka take da tsawo? Tun ina yarinya nake wuce ta, gindinta kawai na sani."

Ta sauke kai, ta ja ƙafar nan tata, ta hau. Tabawa na biye tana kuka, ta gode wa ruwan sama da ya rufa mata asiri.

Da yamma suna Tudu, kowa ya sami wuri ya kwanta yana kallon kwari. Kogi ya riga ya fito, ya zagaye tsibin kayan dole, ya mai da shi tsibiri. Daga nesa ana hango laima a ƙoli, kuma in iska ta juyo ana jin kalangu. Can sai ga wani abu ya hauro a jiƙe sharkaf, yana rawar sanyi. Birin laima ne, goshinsa fes, ruwa ya wanke tabon.

Aka kewaye shi. Mijin Tabawa ya ce, "Yaya ka baro su?"

"Suna zama. An kafa kwamiti ya binciki wanda ya ba ruwa izinin shiga fada."

"To wa ke riƙe da laima?"

"Sarki da kansa," in ji biri, ya nemi gefen wani jaki ya raɓa don ɗumi.

Aka ci gaba da kallo. Ruwa na ta sauka, kalangu na ta tashi sama-sama. Rana na gab da faɗuwa kiɗan ya tsaya. Jakuna suka miƙe kunnuwa suna jira ko zai dawo.

Iya Duna ta gama lasar kanwarta, ta juyo wa 'yarta baya.

"Sosa mini nan, 'yar nan, gefen mikin. A hankali. Ƙaiƙayi ya fara yi."